Ƙofofi Uku na Shiga Jami'a da Rabon Ɗan Baƙon da ke Ajinmu

Jawabin da aka gabatar a taron reshen ƙungiyar malamai a garin Kademi, a gaban malamai da iyayen yara na Gaya da Ajingi



Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu masu riƙe da sarauta, shugabannin ƙungiyarmu na Gaya da na Ajingi, shugabannin makarantu, 'yan'uwa malamai maza da mata, da iyayen yara da suka bar gonakinsu da sana'o'insu suka amsa gayyata, muna yi muku barka da zuwa Kademi. Muna godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, muna kuma roƙonsa ya sa abin da za mu tattauna ya amfane mu da 'ya'yanmu.

Batun da aka ɗora mana shi ne yadda ake rabon guraben karatu a jami'o'in gwamnati, da kuma rabon yaron da ya tashi a cikinmu alhali takardarsa ta ce shi ɗan wata jiha ne. Mun san wasu za su ce wannan magana ta mutanen birni ce, ina ruwan Kademi da ita. Amma duk malamin da ya taɓa riƙe ajin ƙarshe na babbar sakandare ya san fuskar yaron da ya ci maki mai kyau ya ƙare a zaman gida, ya kuma san tambayar da uban yaron kan tare shi da ita a bakin masallaci ko a kasuwa: "Malam, me ya hana?" Sau da yawa amsarmu ba ta wuce "sai haƙuri, rabo ne". Gaskiya ne, rabo na Allah ne. Sai dai akwai ƙa'ida rubutacciya da hukuma ke bi wajen wannan rabo, kuma bai dace a ce malami bai san ta ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Bari mu yi misali da benci guda a ɗaya daga cikin makarantunmu, da yara uku a kansa. Na farko ɗan Kademi ne gaba da baya, a nan aka binne kakanninsa. Na biyu a nan aka yanke masa cibi, amma kakansa ya taso daga wani ƙauye na ƙasar Dutse, ya zo noma, ya zauna. Na uku ɗan mai shagon magani ne da ya zo daga Anambra shekaru talatin da suka wuce. Babu harshen da yaron nan yake ji kamar Hausa, garin ubansa kuwa sai lokacin Kirsimeti, in ma an je. Malami ɗaya ya koyar da su, a allo ɗaya. A ƙaddara duka ukun sun nemi kwas ɗaya a Jami'ar Bayero ta Kano, sun kuma ci maki daidai da juna. Shin damarsu ɗaya ce? Amsar ita ce a'a, ga kuma dalili.

Duk mai son shiga jami'a a ƙasar nan sai ya bi ta hannun hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Ita ke shirya jarrabawar share fage, mai darussa huɗu da jimlar maki 400. Bayan an ci jarrabawa, ƙa'idar da Gwamnatin Tarayya ta shimfiɗa wa jami'o'inta ta kasa gurabe gida uku. Kashi 45 cikin 100 na cancanta ne zalla, ana jera masu nema daga mafi yawan maki zuwa ƙasa ba tare da an tambayi asalin kowa ba. Kashi 35 na 'yan jihohin da aka ware wa jami'ar ne a matsayin yankinta. Ragowar kashi 20 kuwa na 'yan jihohin da aka lasafta cikin waɗanda aka bari a baya a ilimin boko ne, su 23, kuma Kano da Jigawa duk suna ciki. Waɗannan su ne ƙofofi ukun.

To, mu koma kan bencinmu. A ce kwas ɗin yana da kujeru ɗari. Ɗan Kademi zai fara gwada sa'arsa a kujeru 45 na cancanta. In bai samu ba, yana da 35 na yanki, domin Kano tana yankin Bayero. In nan ma ta kuɓuce, jiharsa tana cikin masu rabo a 20 na ƙarshe. Jikan mutumin Dutse shi ma haka, domin Jigawa tana yankin, tana kuma cikin jihohi 23. Amma ɗan mai shagon magani ƙofa ɗaya ce tak gare shi. Anambra ba ta yankin Bayero, ba ta kuma cikin jihohin da aka bari a baya. Kujeru 45 kawai zai nema, kuma zai neme su ne tare da duk wani haziƙi daga kowane lungu na ƙasar nan. In aka ce masa ya tafi jami'ar da ke yankin iyayensa, kamar ta Nsukka, to zai je ya kara da yaran da suka fito daga makarantun da suka fi tamu kayan aiki, a garin da bai san kowa ba. Ya sha duk wahalar da ɗan Kademi ya sha, ta rashin ɗakin gwaje-gwaje da ƙarancin malamin kimiyya, amma sassaucin da aka tanada saboda wannan wahala bai shafe shi ba.

Abin da ke ƙara zafafa lamarin shi ne yawan masu nema. A 2025 kusan yara miliyan biyu suka zauna jarrabawar JAMB, kuma a sakamakon farko da hukumar ta fitar, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba. A shekarar an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin da jami'a za ta iya karɓa. Nan ne iyaye da yawa ke ruɗewa. Uba ya ji an ce 150, ga ɗansa da 230, sai ya ɗauka magana ta ƙare. Alhali wannan adadi izinin tsayawa a layi ne kawai. Kowace jami'a tana da nata ma'auni, kowane kwas ma haka, ga kuma tantancewar da jami'a ke yi bayan ta JAMB. Kwasa-kwasan da aka fi rububi, irin su likitanci da shari'a da aikin jinya, hukumomin da ke kula da waɗannan sana'o'i ne ke ƙayyade adadin ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka, kuma shugaban jami'a ba shi da ikon ƙara kujera ko ɗaya don tausayi.

Kada kowa ya ɗauka mun zo ne mu zagi tsarin kaso. Mun san inda ya samo asali. An buɗe makarantar sakandare ta farko a Legas a 1859, ita kuwa makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano sai a 1909 aka buɗe ta, wato tazarar shekara hamsin cur. Kwalejin jami'a ta Ibadan ta fara a 1948, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sai a 1962, ita kuwa Bayero ba ta tsaya da ƙafarta a matsayin cikakkiyar jami'a ba sai 1977. Da an bar komai ga maki kaɗai tun daga farko, da an daɗe ana neman likita ko injiniya ɗan wannan yanki ba a samu ba. Shi ya sa tsarin mulki na 1979 ya shigo da ƙa'idar daidaiton wakilci tsakanin sassan ƙasa, aka kafa mata hukuma ta musamman a 1996, ta kuma ci gaba da zama a sashe na 14 na tsarin mulkin 1999. Ya kamata a lura kuma cewa jerin jihohi 23 ba na Arewa kaɗai ba ne, akwai Ebonyi da Bayelsa da Ribas da Kuros Riba a ciki. Da yawa daga cikinmu a wannan ɗaki mun ci moriyar tsarin nan, ba kuwa za mu ci moriyar ganga mu ya da kwaurenta ba. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Aibin tsarin yana wajen ma'aunin da yake amfani da shi. Yana tambayar inda kakan yaro ya fito, ba ya tambayar makarantar da yaron ya zauna. Tsarin mulkin da ya yi umarni da daidaiton wakilci, shi ne a sashe na 15 ya ɗora wa gwamnati tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken 'yancin zama a duk inda ya so, a sashe na 42 kuma ya hana nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko wurin da ya fito. Amma a aikace, takarda ɗaya ce ke yanke hukunci, ita ce takardar shaidar asali da ƙaramar hukuma ke bayarwa, wadda muka fi sani da takardar indijin. Mutum zai shekara arba'in a gari, yana biyan haraji, ya gina gida, ya aurar, ya binne nasa a maƙabartar garin, amma a gaban wannan takarda shi baƙo ne, jikansa ma baƙo ne.

Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin yadda baƙunta ke sauka wa mutum yana zaune a gidansa. Kafin ranar 27 ga Agusta, 1991, mutumin Dutse da mutumin Gaya 'yan jiha ɗaya ne. A ranar aka yanke Jigawa daga Kano. Kasuwanninmu ba su rabu ba, auratayya ba ta tsaya ba, har yau Dutse ta fi birnin Kano kusa da Kademi, amma a takarda an shata iyaka. Yaronmu na biyu, wanda muka ce yana da ƙofofi uku a Bayero, da zarar ya nufi jami'ar jiha sai lissafi ya juya. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda aka kafa a 2001, yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, ta jihar Kano ce, kuma kamar sauran jami'o'in jihohi 'yan jiharta take fifitawa, a gurbi da kuma kuɗin makaranta. Yana wuce ta a mota duk lokacin da za shi birni, amma tasa jami'ar, a bisa takarda, ita ce ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa. Haka nan tallafin karatu na jiha, can zai nema, inda wataƙila babu mai unguwar da ya san fuskarsa.

Akwai wasu yaran da halinsu ya fi wannan wuya. Ɗan Fulanin rugar da ke gefen gari, wanda iyayensa suka yi shekaru suna kai da kawowa tsakanin jihohi biyu, wace ƙaramar hukuma ce za ta ce nata ne? Ɗan malamin da aiki ya kawo shi nan daga Filato ko Kogi, har ya yi ritaya bai koma ba, fa? Marayan da uwarsa 'yar Ajingi ce, ubansa ya rasu ba a san danginsa ba, fa? Waɗannan su ne tsirarun da ke cikin azuzuwanmu. Ba su da yawan da za su yi zanga-zanga, ba su da ɗan majalisar da zai tsaya musu. In malaminsu bai kula da su ba, babu mai kula.

Yanzu bari mu juyo kan ɗan Kademi, kada ya saki baki da ƙofofinsa uku. Kaso jiha yake ƙirgawa, ba ya ƙirga ƙauye. Kujerun da aka ware wa yankin Bayero, ɗan Kademi zai yi takararsu ne da ɗan babban ma'aikaci da ya yi makarantar kuɗi a birni, wanda ya saba da kwamfuta tun yana firamare, aka kuma ɗaukar masa malamin gida. Dukansu takardarsu ta ce Kano. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, ga shi kuwa akwai yaranmu da ba su taɓa dafa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. Saboda haka sassaucin da aka yi da sunan wanda aka bari a baya yakan faɗa hannun wanda ba a bari a baya ba. Sannan duk ranar da ɗan Kademi ya ɗaga kai ya nemi Jami'ar Ibadan ko ta Legas, shi ma ya zama baƙo, kashi 35 na yanki ya fita daga hannunsa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Matsalar ɗan mai shagon magani da ta ɗan manomin Kademi tushensu ɗaya, an auna su da asali an manta da makarantar da suka fito.

Wannan taƙaddama ba a ƙasarmu kaɗai take ba. A Amurka, jami'ar jihar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill, ɗaya daga cikin jami'o'in gwamnati masu wuyar shiga, ta daɗe da ƙa'idar cewa 'yan wajen jiha ba za su wuce 18 cikin kowane sabbin ɗalibai 100 ba. Sai dai a can zama ake dubawa, wanda ya tare a jihar da niyyar zama har ya cika wata goma sha biyu yana iya neman a lasafta shi ɗan jiha, ba a tono asalin kakansa. A watan Yuni na 2023 kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a shari'ar da ta haɗa da wannan jami'a da ta Harvard. Jihar Texas kuwa tun 1997 ta ɗauki wata hanya, ta ce ɗalibai goma na sama cikin kowane ɗari, a kowace sakandare ta jihar, ta birni ko ta ƙauye, suna da gurbi a jami'o'in jihar. Ba mu ce a kwafo dokar wasu a liƙa mana ba, kowace ƙasa da nata ciwon. Mun kawo misalan ne don a ga cewa ana iya taimakon wanda aka bari a baya ta hanyar duba inda yake zaune da makarantar da ya yi.

To, kafin a gyara doka, me ke hannunmu? Muna ganin abubuwa biyar.

Na farko, mu san yaranmu tun suna aji ɗaya na babbar sakandare. Kowane malamin aji ya buɗe littafi, ya rubuta jihar da ƙaramar hukumar da kowane yaro zai iya samun takardar asali daga gare ta, ya kuma tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a takardar haihuwa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, wadda tun 2021 ba a rijistar JAMB sai da ita. Yaro nawa ne gurbinsu ya salwanta saboda a wata takarda an rubuta Muhammad, a wata Mamman, ko don mai shagon intanet ya cika musu jihar da ya ga dama? Tun ran gini tun ran zane.

Na biyu, mu koya wa yara da iyayensu lissafin ƙofofin nan kafin a sayi fom. Yaron da asalinsa wata jiha ce ya fara duba ko jiharsa tana yankin jami'ar da yake so, ko tana cikin jihohi 23. In ba ta ciki, a faɗa masa gaskiya cewa makinsa kaɗai zai shigar da shi, don ya ɗaura ɗamara da wuri. A nuna masa jami'ar tarayya ta fi masa sauƙi a kan ta jiha, kuma ga Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, nan kusa da mu. In sakamako ya fito maki bai kai na likitanci ba, hukuma ta ba da damar sauya kwas ko sauya makaranta, kada girman kai ya sa yaro ya shekara uku yana ƙwanƙwasa ƙofar da ba za ta buɗe ba. Akwai hanyar kwalejin ilimi da ta kwalejin fasaha da shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, waɗanda ke kai ɗalibi aji biyu na jami'a kai tsaye. Ga kuma asusun lamunin karatu na tarayya, NELFUND, da ya fara aiki a 2024, wanda na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne ko daga wace jiha suka fito.

Na uku, kada hannunmu ya shiga takardar ƙarya. Mun san ana yi, mun san akwai masu zuwa wurin malami su ce ya taimaka a sama wa yaro takardar wata ƙaramar hukuma, ko a biya wani a cikin jami'a. Tun 2017 JAMB ta kafa tsarin CAPS, wanda ta cikinsa kaɗai ake tabbatar da gurbi, kuma gurbin da aka samu ta bayan fage hukuma ba ta san da shi ba, sai yaro ya gama karatu a zo tafiya hidimar ƙasa sannan asiri ya tonu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Amma akwai haƙƙin da ake nema a fili. Sashe na 318 na tsarin mulki ya fassara zama ɗan jiha da cewa ɗaya daga cikin mahaifan mutum, uwa ko uba, ko ɗaya daga cikin kakanninsa, ya fito daga al'ummar da ke da asali a jihar. An fi bin ɓangaren uba a aikace, amma marayan nan da uwarsa 'yar Ajingi ce yana da hujjar da zai tsaya a kai. Malami ya raka shi wurin mai unguwa, daga nan zuwa dagaci da hakimi, a faɗi gaskiyar lamarinsa, a nema masa ta hanyar da ta dace. Muna roƙon iyayenmu masu sarauta da ke wannan zaure su saurari irin waɗannan yara da idon rahama.

Na huɗu, kuma shi ne mafi girma, mu koyar. Ƙofar cancanta ita ce mafi faɗi a cikin ukun, ita ce kuma ba ta tambayar sunan kakan kowa. Duk makin da muka ƙara wa yaro a Turanci da lissafi da kimiyya, ya amfani ɗan gari, ya amfani ɗan baƙo. Jihar nan ta taɓa gwada wannan ta ga amfaninsa. A 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu sun shiga jami'o'i da ƙarfin makinsu. Ga kwalejin kimiyya ta Maitama Sule nan a Gaya, cikin wannan zuriya. Ba kowace makaranta za ta zama kamarsu ba, amma reshenmu zai iya tsara darasin Asabar, inda malamin kimiyya na wannan makaranta zai taimaki yaran waccan. Za mu iya haɗa 'yan kwamfutocin da muke da su wuri guda, kowane ɗan ajin ƙarshe ya zauna gabansu sau da yawa kafin ranar jarrabawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma kada a manta da 'yan mata, waɗanda nisan jami'a kan hana iyaye barinsu, su suka fi buƙatar makin da zai ba su gurbi a kusa da gida.

Na biyar, mu yi magana da murya ɗaya a matsayinmu na ƙungiya. Ƙungiyar malamai ta ƙasa tun 1931 take, Malam Aminu Kano kuma ya jagoranci kafa ta malaman Arewa a 1948, kuma ba don albashi kaɗai magabatanmu suka haɗa kai ba. Muna ba da shawara wannan reshe ya rubuta ƙuduri zuwa ga uwar ƙungiya ta jiha da wakilanmu a majalisar dokoki, a kan abu biyu. Ɗaya, yaron da ya yi firamare da sakandare gaba ɗaya a makarantun gwamnatin Kano a ɗauke shi kamar ɗan jiha a jami'o'in jihar, a gurbi da kuɗin makaranta, domin jihar ta riga ta kashe dukiyarta shekara goma sha biyu wajen tarbiyyarsa, ba hikima ba ne ta sallama shi a mataki na ƙarshe. Biyu, a ware wani rabo ga ɗaliban da suka fi fice a makarantun karkara, ko mene ne asalinsu. Ba mu ce za a amsa mana gobe ba, amma wanda bai yi kuka ba ba a san yana da ciwo ba.

'Yan'uwa malamai, da yawa daga cikin manyanmu da ke zaune a nan baƙi ne suka koyar da su. Malamai daga Gana da Indiya da Pakistan da kudancin ƙasar nan sun cika makarantun Kano a shekarun 1970 da 1980. Har yau a wasu makarantunmu ɗan hidimar ƙasa daga wata jiha ne ke riƙe da darasin kimiyya. Tarihin Kano ma ya nuna cewa a zamanin Sarki Yaji Wangarawa suka zo daga Mali da ilimi aka karɓe su, a zamanin Muhammadu Rumfa kuma Shehu Magili ya sauka aka girmama shi. Mu mutanen Gaya muna da namu labarin da muke alfahari da shi, cewa Abagayawa, maƙeran da suka fara zama a gindin Dala, daga nan suka tashi neman tama. Da an tare su da tambayar takardar asali a wancan lokaci, da ba mu san yadda tarihin birnin zai kasance ba.

Ɗa na kowa ne. Yaron da ke amsa sunansa a rijistar ajinmu kowace safiya amana ce a wuyanmu, ko daga ina kakansa ya fito. Muna roƙon kowane malamin ajin ƙarshe, kafin a fara sayar da fom na bana, ya zauna da yaransa ɗaya bayan ɗaya, ya gaya wa kowa ƙofofin da yake da su. In uba ya sake tare mu da tambayar me ya hana, mu kasance muna da amsa, mu kasance kuma mun yi abin da ya rataya a kanmu tun kafin ya tambaya.

 Inda muka yi daidai daga Allah ne, inda muka yi kuskure muna neman afuwa. Allah ya albarkaci 'ya'yanmu baki ɗaya, ya sa mu gama aikinmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.